Tayel, siminti ko leda? Ina neman shawara kan gyaran ƙasan ɗakunan Hajiyarmu

Ummu Khalil:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin gini da waɗanda suka taɓa yin gyaran gida ku taimaka min da shawara. Gidan mahaifiyarmu ne a nan Kano, tsohon gini ne tun na marigayi Babanmu, bulo ne amma ƙasan duk daɓen siminti ne aka shimfiɗa leda a kai. Yanzu simintin ya farfashe, wani wajen ya yi rami har in ka taka sai ka ji ledar ta lotsa, shi kuwa ɗakin da ke jikin banɗaki in damina ta yi nisa sai ƙasan ledar ya jiƙe ya yi baƙi yana wari, ga wani farin abu gishiri-gishiri da ke fitowa a gindin bango yana cin fenti.

Mu biyar ne 'ya'yanta muka yi karo-karo, abin da ya taru bai kai miliyan ɗaya ba, kuma a cikinsa za a yi fenti a gyara ƙofofi biyu. Falo ƙafa 12 ne da 14, ɗakuna biyu kowanne 12 da 12, sai kicin ɗan ƙarami da banɗaki da tsakar gida. Babban yayanmu ya ce lallai sai tayel ko'ina, wai a yi abu sau ɗaya a huta, ƙanwata kuma ta ce a liƙe ramukan kawai a sayo sabuwar leda mai kauri a bar sauran kuɗin a canza mata katifa da labule. Ni dai na rasa wanda zan bi. Abin da ya fi damuna Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, a zaune take sallah, da buta take alwala a banɗaki, ga jikoki duk ƙarshen mako gidan cike yake, ina tsoron santsi wallahi. Me ya kamata mu fara yi, kuma wanne ne zai fi mana sauƙi ya kuma daɗe? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Birkilan Kurna:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka da wannan hidima, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni sana'ata ce wannan, kuma tun kafin a zo maganar tayel ko leda zan ce miki ku fara da wancan ɗakin mai danshi, don shi ne zai ci kuɗin ko kun so ko ba ku so ba. Wannan farin gishirin alama ce ruwa na tasowa daga ƙasa yana hawa bango. Tunda jikin banɗaki ne, ko dai akwai bututun da ke yoyo a ƙarƙashi, ko ruwan wanka na kwanciya a gindin bangon yana ratsawa, ko sokawe ya cika yana mayarwa, ko kuma tun asali ba a sa ledar kare danshi ba lokacin da aka zuba ƙasan, wanda yawancin tsofaffin gidajenmu haka suke. In kuka ɗora tayel a kan wannan, saman zai yi kyau amma ruwan ba inda ya je, sai ya nemi hanya ta bango ya ƙara hawa sama, fentin da kuka kashe wa kuɗi ya ɓare kafin damina ta biyu.

Toh ku fara kiran mai gyaran famfo ya duba. Bayan nan a fasa ƙasan ɗakin gaba ɗaya a kwashe, a daddaɓe, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri ta gini, a ɗora bakin wata kan wata sosai kuma a ɗan hau da ita jikin bango, sannan a zuba kankare a kai. Sauran ɗakunan da ba su da danshi ba sai an fasa duka ba, a sassare inda ya rube a cike.

Ga yadda za ki gwada da kanki ko ɗaki na da danshi: ki ɗaga tsohuwar ledar, ki share wajen, ki yanko farar leda kamar faɗin faranti babba ki manne gefenta huɗu da salatif a kan simintin ta kwana. In da safe kika ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu a wajen, ɗakin na da ruwa.

Yanzu lissafi, don kar wani ya ruɗe ku. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 sukwaya mita 13 ne da ɗan ɗori, falonku kuma wajen 15 da rabi. Tayel mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, kwali ɗaya na rufe sukwaya mita 1.44. Kullum a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa da na gindin bango. Kenan kowane ɗaki kwali 11, falo 12, in an haɗa saye ɗaya 33 zai isa ukun. Ban sa kicin da banɗaki ba. Sannan kowane ɗaki zai sha siminti wajen buhu huɗu in kaurin shimfiɗar ya kai santimita huɗu, ga yashi, ga farin siminti na cike layi, ga kuɗin aiki da ake biya kan sukwaya mita, ga kuɗin mota daga kasuwa. Mutane kuɗin kwali kawai suke lissafawa sai aiki ya yi rabi a tsaya. Kuma kin san tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, kayan gini ba su zauna waje ɗaya ba, a farkon 2024 buhun siminti har ya haura dubu goma, don haka ki aika a zaga kasuwar Kofar Ruwa a jiyo farashin ranar a shago uku ko huɗu kafin ku yanke magana.

Shawarata da wannan kuɗin naku: banɗaki da kicin da falo a sa tayel. Ɗakunan kwana biyu a yi musu daɓen siminti mai kyau a daidaita shi sosai, a sa leda a kai. Duk ranar da Allah ya hore sai a ɗora tayel a kan wannan simintin ba tare da an sake fasa komai ba. Kuma ku sayi na gida Najeriya, akwai Royal da ake yi a Ajaokuta jihar Kogi, akwai CDK na Sagamu, akwai Goodwill, duk suna aiki lafiya a gidan zama. Na Sifen da Italiya suna da kyau ba musu, amma da dala ake shigo da su, ba na wannan aljihun ba ne.

Maman Ilham:

Sannu Ummu Khalil, Allah ya bar zumunci. Ni maganar santsin nan zan kama don ita ce na gani da idona. Surukata ta zame a banɗaki a kan irin tayel ɗin nan mai sheƙi, ruwan sabulu ne kawai ya rage a ƙasa, ƙugunta ya tsage, wata da watanni tana kwance sai an ɗaga an kwantar, kuma har yau tafiyarta ba ta koma daidai ba. Mai aikin ne ya ce ai ragowar na falo zai isa banɗaki ba sai an sayi wani ba, aka biye masa. Dan girman Allah kar ku yarda da wannan. Na banɗaki daban yake, ƙanana ne masu kaushi, 30 da 30 ko ƙasa da haka, in kin shafa za ki ji yana kama hannu. In kin je shago ki ce a ba ki guda ɗaya ki zuba masa ruwa ki murza da tafin hannu ko ki taka da silifas, ba wanda zai hana ki. Kuma ku sa a kafa mata ƙarfe a bango inda za ta riƙa dafawa, da ɗan dakali ko kujerar da za ta zauna ta yi alwala, wannan ba wani kuɗi ba ne.

Ko falon ma ni da za a bi tawa mara sheƙi za a sa, saboda yara sai sun zubar da ruwa sai sun zubar da kunu, tsohuwa kuma ba lallai ta gani ba. Sai kala. Kar ku ɗauki fari fat kar ku ɗauki baƙi, da hunturu in ƙura ta sauko sai ki share sau uku a rana kuma kowane sawu sai ya fito. Ruwan ƙasa ko ruwan toka mai ɗan zane-zane shi ne rufin asiri. Layin tsakani ma in an cike da fari zalla wata biyu ya koma baƙi, ki ce a haɗa da kala mai ɗan duhu.

Abu ɗaya da ba a faɗa: tayel na da sanyi. Da zafin Maris da Afrilu daɗi ne da shi, kowa a ƙasa yake kwanciya, amma Disamba da Janairu mai ciwon gwiwa ba za ta iya taka shi da asuba ba takalmi ba. Shi ya sa na goyi bayan Malam Birkila, ɗakin kwananta a bar mata leda, a sa ƙaramar darduma mai kauri inda take sallah. Ni ban raina leda ba gaskiya, mai kaurin nan in ƙasan ya daidaita ba tsakuwa ba rami tana shekaru, abin da ke kashe ta jan kujera da ƙafar gado da gawayin turaren wuta. Ki sa ɗan katako ko murfin roba a ƙarƙashin ƙafafun gado, kaskon turare kuma a ɗora shi kan faranti. Kafet mai cike ɗaki kam ki manta da shi, gidan da jikoki ke kwana fitsari ɗaya ya isa, ga ƙura ga kuɗin cizo in suka samu wajen ɓuya.

Dattijon Zazzau:

Salamu alaikum. 'Yata, Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mahaifinku. Ni ba magini ba ne, tsohon ma'aikaci ne, amma na ga gine-gine da dama kuma ina da ɗan saɓani da masu cewa sai tayel.

Mu da muka taso ɗakunan iyayenmu daɓe ne. Mata ke taruwa a yi gayya, a zuba marmara a yayyafa ruwa a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, sannan a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe ƙasan da ruwanta har ya yi ja-ja mai duhu yana ƙyalli. Ba ya ƙura, ba ya sanyi da hunturu. Ban ce ku koma can ba, masu iya shi ma sun yi ƙaranci a birni, amma ina so ki san ƙasa mai kyau aikin hannu ne da haƙuri kafin ya zama tsadar kaya. Daɓen siminti ma haka yake. Abin da ya sa na yanzu ke farfashewa cikin shekara biyu, ana cika yashi a rage siminti, kuma ba a ba shi ruwa. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, toh a ba shi kwano shida zuwa takwas na yashi mai kyau wanda ba ƙasa a ciki, kar a wuce haka. A goge saman da cokali har ya yi sumul, in ana so a barbaɗa jar hodar nan da masu shagon fenti ke cewa oksaid a haɗe da siminti a saman, sai ya fito ja kamar na tsofaffin gidajen gwamnati da na ma'aikatan jirgin ƙasa. Daga nan sai ruwa, safe da yamma har kwana bakwai, in lokacin iska ne a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna don kar ya bushe da wuri ya tsattsage. Siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, amma mu yau a zuba gobe a shigo da gado.

Irin wannan ƙasan in an yi shi daidai ko leda ba ya buƙata, tabarma ko darduma ta wadatar, a share a goge da tsumma. Ga kuma tarazo, wato daɓen siminti da ake haɗawa da ƙananan duwatsu a gurje shi ya yi sumul, ku shiga tsofaffin asibitoci da makarantu da aka gina shekarun 1970 ku duba, mutane nawa suka taka shi kuma yana nan. Sai dai shi yana son injin gurzawa da wuta da ruwa mai yawa, ga caɓi, a gidan da mutum ke ciki wahala ne, kuma ƙananan ɗakuna ba ya yin araha. Don haka ban ba ku shawararsa ba, na ambata ne kawai.

Ki gaya wa yayanku, in an zuba kuɗin duka a tayel aka ɗauko mai aikin da ya fi kowa araha saboda kuɗi sun ƙare, an yi asara biyu. Falon ma in kuɗin bai kai ba a yi masa jan siminti, ba abin kunya ba ne.

Abban Sadiq:

Ni tsakar gida kawai zan yi magana a kai tunda ba wanda ya taɓo ta. Kar ku sa mata tayel ɗin ɗaki, rana za ta gasa shi ruwa ya dake shi, ga santsi in an yi wanke-wanke. Ku tambayi masu shagon tayel fasassu, suna tarawa a buhu suna sayarwa da sauƙi sosai, mai aikin da ya iya zai jera su kala-kala ya cike tsakaninsu da siminti, yana kyau kuma yawan layin na rage santsi, amma a tabbatar an danne bakin kowanne don kar ya yanki ƙafar yara. Ko kuma intalok, ƙananan bulon nan da ake jerawa a ƙasa, shi amfaninsa in bututu ya samu matsala a ɗaga a gyara a mayar. Ko wanne aka yi dai a karkata shi ya kalli rariya. Sannan in wani ya zo muku da maganar efoksi, wato ruwan roba da ake zubawa a ƙasa ya daskare, mai hoton kifi da furanni da ake tallatawa a Instagram da TikTok, ku ce sai wani jiƙon, yana da tsada kuma ƙasa mai danshi kumbura shi take yi ya ɓare.

Ummu Khalil:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai, Baba na gode Allah ya ƙara girma, Maman Ilham Allah ya ba surukarki lafiya, wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta. Na tura wa yayanmu duka, ya sauko ya yarda a fara da ɗakin danshin da banɗaki, amma har yanzu yana nan kan falo sai tayel tunda nan baƙi ke zama, ni ma ban ƙi ba. Malam Birkila tambaya biyu dan Allah. Wani mai shago ya ce mana akwai siramik akwai fosilen, kuɗinsu ba ɗaya ba, wanne za mu ɗauka? Sannan ta yaya za mu gane mai aikin ya yi daidai tunda dukkanmu ba wanda ya san aikin, a gidan maƙwabtanmu na ga tayel ya kumbura ya tashi da kansa a tsakiyar falo har da ƙara.

Birkilan Kurna:

Ummu Khalil, fosilen an fi gasa shi, ya fi tauri, kusan ba ya shan ruwa, abin da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Siramik ya fi laushi ya fi shan ruwa ya fi araha. Ki juya bayansa ki ɗiga ruwa, in ya tsotse nan da nan siramik ne, in ruwan ya tsaya fosilen ne, kar ki tsaya kan abin da aka rubuta a kwali kawai. Falon gida irin naku siramik na ƙasa mai kyau ya isa, ba kasuwa ba ce ba masallaci ba. Ki dai tabbatar na ƙasa ne, don na bango ya fi siriri, in aka shimfiɗa shi a ƙasa ƙafar kujera ma fasa shi take. In kun ɗauki siramik a jiƙa shi a ruwa kafin a sa, in ba haka ba zai shanye ruwan simintin ya ƙi kamawa. In fosilen ne jiƙawa ba ta da amfani, shi gam ɗin tayel yake so ko a shafe bayansa da kunun siminti mai kauri. In 40 da 40 ya fi sauƙi a ranar ku ɗauke shi, ya ma fi haƙuri da ƙasan da bai gama daidaita ba, amma ki karanta sukwaya mita nawa ke cikin kwalin don ba duka kamfanoni ke zuba adadi ɗaya ba.

Wajen saye, a duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, don ko zane ɗaya ne in ba tare aka gasa su ba kalar kan ɗan bambanta, sai an shimfiɗa ake gani. A buɗe kwali biyu uku a gaban mai shago, a haɗa guda biyu fuska da fuska a ga ko sun kwanta ko ɗaya ya lanƙwashe. Kuma ku ajiye kwali ɗaya a ƙarƙashin gado bayan an gama, shekara biyu in ɗaya ya fashe ba lallai ku sami irinsa a kasuwa ba.

Wancan na maƙwabtanku abu biyu ne ke kawo shi. Na farko an manne su ƙam ba a bar layi ba, an kuma tokare su da bango, zafi na zuwa suka buɗe ba wajen motsi sai su tashi sama. Dole a sa 'yan robobin nan masu kamar gicciye a tsakani, milimita biyu ko uku, a kuma bar ɗan fili a gindin bango wanda na jikin bangon zai rufe. Na biyu wasu don su rage siminti sai su ɗiga shi a kusurwa huɗu da tsakiya su ɗora, ƙarƙashin ya zama holoƙo. Washegarin aiki wani a cikinku ya ɗauki tsabar kuɗi ko maƙulli ya bi yana ƙwanƙwasa kowanne, wanda ya cika za ki ji ƙarar a toshe, wanda ba komai a ƙasansa za ki ji yana amsawa kamar ganga, a sa masa alama da alli a ce ya cire ya sake tun simintin bai gama kamawa ba.

Banɗaki kuma kafin ku sallame shi ku juye bokiti guda na ruwa a bakin ƙofa ku tsaya ku gani, duka ya gangara magudana, in ya kwanta a wani lungu ko ya nufi bangon ɗakin Hajiya aikin bai yi ba. Ƙasan banɗakin ya zama ya fi na ɗaki ƙasa da kaɗan. Ku tuna da ƙofofi ma, in an ɗora tayel kan tsohon siminti falon zai tashi da santimita huɗu ko biyar, toh kar kafinta ko mai walda ya gyara ƙofofin nan biyu sai an gama ƙasa, fenti kuma shi ne na ƙarshe. Kuɗin aiki ku raba shi uku, kaɗan a farko, rabi in an kai tsakiya, ragowar sai an yi gwajin ƙwanƙwasawa da na bokiti. Sabon simintin ɗakunan kwana kuma kar a rufe shi da leda sai ya yi sati uku zuwa huɗu ya bushe sosai, ki sake yin gwajin salatif ɗin nan kafin a shimfiɗa, Hajiya ta ɗan koma ɗayan ɗakin ko wajen ɗayanku kafin nan.